Jaje Kafin Ruwa Ya Ci Gari

A shekarar da aka yi babban taron nan na sauyin yanayi a Dubai, ina zaune a Al Nahda, a fulat ɗin Alhaji. Alhaji Bakano ne, ɗan kasuwa, yana tura kaya gida ta jirgin sama da na ruwa. Ni ke kula da fulat ɗin. In share, in dafa, in wanke banɗaki. Da hantsi in tafi sito a Al Qusais in ɗaure kaya. Aikina ke nan har yau.

Fulat ɗin na saukar baƙi ne. 'Yan kasuwa su zo daga Kano da Katsina, su kwana biyu, su sayi wayoyi da atamfa da takalma, su koma. Da taron ya matso sai gari ya cika. Otel ya yi tsada, har wanda kyankyaso ke yawo a cikinsa. Alhaji ya hango kasuwa. Ya ce a kwashe katifun ɗakin ƙarshe, a sa gado ɗaya, a rataya sabon labule, baƙo zai zo daga tsibiri.

Na ce, "Wane tsibiri?"

Ya faɗi sunan ƙasar. Bakina bai ɗauka ba, har yau ma bai ɗauka ba. Direbanmu, mutumin Damagaram ne mai yawan surutu, ya ce a kira baƙon Mai Tsibiri kawai a huta. Sunan ya bi shi.

Dattijo ne, gajere, fatarsa kamar tamu, gashinsa a kwance kuma fari fat. Kwat ɗin da ya sa ta fi shi girma, da gani ta aro ce. Na miƙa hannu zan karɓi jakarsa sai na ga tafin hannunsa. Igiya ta yanke shi a inda ta yanke ni. Shi ma ya dubi nawa.

Ni masunci ne kafin in zama mai shara. A bakin Tafkin Chadi aka haife ni. Wannan ya wuce.

Abin da ya fara tambaya alƙibla ce. Na nuna masa. Turancinsa ya ɗan fi nawa. Nawa na sito ne, ɗaga, ajiye, kawo, sai gobe. Muka riƙa haɗawa da Larabcin titi da nuni da hannu. Ya ishe mu.

Wata mata ce ta rako shi ranar farko, ma'aikaciyar gwamnatinsu, ita a Al Karama ta sauka da sauran matansu. Ita ta yi wa Alhaji bayani a falo, ina zuba shayi ina ji, abin da ya kuɓuce mini Alhaji ya maimaita da Hausa. Dattijon mai gari ne a tsibirinsu. Teku tana tasowa. Ta ci bakin gaɓa, ta shiga rijiyoyi, ruwan sha ya koma gishiri. Gwamnati ta ce abu biyu ne, ko a gina musu katangar tare ruwa, ko a kwashe su a kai su babban tsibiri kusa da birni. Kuɗin katanga babu. Shi ya sa suka zo taron, su ce wa ƙasashen da hayaƙinsu ya ɗumama duniya su biya ɓarnar da suka yi. In an samu, katanga. In ba a samu ba, ƙaura. Mai Tsibiri ya tara mutanensa kafin ya taho, ya yi musu alkawari zai dawo da magana ɗaya, zama ko tashi.

Alhaji ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Ya koma kan wayarsa, ana ta kiransa a kan wata kwantena.

Kullum da safe dattijon zai sa kwat, ya rataya wani kati a wuya, ya tafi jirgin ƙasa. Wurin taron yana can ɗaya ƙarshen gari. Ya dawo da yamma ƙafarsa a kumbure. In ɗora masa ruwan zafi da gishiri a roba. Wata rana na tambaye shi me suke yi a can.

Ya ce ana kai shi wata rumfa, a ba shi abin magana, a ce ya ba da labarin garinsu. Ya bayar. A tafa. A ɗauke shi hoto. Wata Baturiya har kuka ta yi, ta riƙe hannunsa. Sai a ce lokacinsa ya cika, wani ya hau. Gobe a kai shi wata rumfar, ya sake ba da labarin.

"Masu kuɗin suna wurin?"

Ya ce a'a. Masu kuɗin suna wasu ɗakuna, shi katinsa ba ya buɗe su. Matar nan ce ke shiga. Ita ma ɗakunan sun fi ƙarfinta. Ana zama a wurare da yawa lokaci ɗaya. Manyan ƙasashe kowane ɗaki da mutuminsu, har da na canji in wancan ya gaji. Su kuwa 'yan kaɗan ne, sai ta yi ta gudu daga wannan zuwa wancan, ta tarar an wuce wurin da ta zo dominsa.

Na ce, "To."

Na ɗauke robar ruwan.

Direba ne ya jawo abin da ya faru. Wata Alhamis muna sito ya zo da waya a hannu. An nuna tsibirin a labarai. Igiyar ruwa ta haura cikin maƙabarta. Itatuwan kwakwa a kwance, saiwa a sama. Wata tsohuwa tsaye a ƙofar ɗakinta, ruwa har gwiwa. Sai ga baƙonmu da kwat ɗinsa yana magana.

Direba ya ce, "Alhaji, ka ga baƙonka? Ƙasarsa ce ke nutsewa. Kai kuwa ka sa masa labule ka kira shi otel. Bakano dai ko a lahira sai ya kafa tebur."

Alhaji ya ce, "Kai da rairayi ya binne garinku, wa ya zo ya yi maka jaje?"

"Mu ba ma nutsewa, Alhaji. Mu soyuwa muke yi, kamar gyaɗa."

Aka yi dariya. Amma Alhaji ya karɓi wayar ya sake kallo. Alhaji ba mugu ba ne. Gobara ta taɓa cinye shagonsa a Kano, ya sha ba mu labarin yadda mutane suka yi ta zuwa gidansa, wani da buhun hatsi, wani da turmin atamfa, wani da addu'a kawai. Ya ce zuwan nan ne ya hana shi haukacewa.

Ya ce, "Mutum yana kwana a gidanka, masifa irin wannan ta same shi, ba ka buɗe baki ka ce masa sannu ba? Ai wannan rashin tarbiyya ne. Gobe bayan Juma'a za mu shiga mu yi masa jaje."

Ba wanda ya ga aibun maganar. Ni ma ban gani ba. Haka muka tashi muka tarar. Gobara, ambaliya, sata, rushewar ɗaki, a je a zauna, a jajanta, a kai abin da ya sawwaƙa.

Alhaji ya sa aka sayo buhun shinkafa, katan na taliya, shadda, da turmin atamfa na uwargidansa. Akwai wasu Katsinawa biyu a fulat ɗin lokacin, suka ce da su za a yi, ba a barin lada ya wuce. Ranar Juma'a dattijon bai je taro da wuri ba, tare muka yi salla. Da muka dawo ya shiga ɗakinsa. Muka jira kaɗan. Alhaji ya gyara babbar riga, ya yi sallama.

Muka cire takalma muka shiga a jere. Ni na ɗauko shinkafa. Na sauke ta a gefen gado. Muka zauna a ƙasa, kowa ya sunkuyar da kai. Dattijon yana bakin gado da takarda a hannu, yana bitar abin da zai faɗa da yamma. Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji ya fara da Hausa, don abin ya fi zama a bakinsa. "Mun ga abin da ya faru. Sai haƙuri. Haka Allah ya ƙaddara. Allah ya mayar da mafificin alheri." Muka ce amin. Sai ya juya shi da Turanci, a hankali, da muryar da ake yi a gidan makoki. Ya ce mun yi baƙin cikin rashin da ya yi na ƙasarsa.

Dattijon ya ce, "Wa ya mutu?"

Alhaji ya ce ba wanda ya mutu, tsibirin ne. Ɗaya daga cikin Katsinawan ya ɗaga hannu ya ce a yi Fatiha. Muka ɗaga. Dattijon bai ɗaga ba.

Da muka shafa sai ya ajiye takardar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ɗazu da safe ya yi waya da matarsa, tana soya kifi. Jikokinsa sun tafi makaranta. Gidansa yana tsaye. Masallacinsu yana tsaye, yau ma an yi Juma'a a cikinsa. Ya ce tun da ya zo garin nan kowa kallon gawa yake masa. A rumfa a yi masa kuka, a ɗaki a ce wa mutanensa su yi haƙuri, kuɗi yana tafe, a jira. Ya ce ya ɗauka in ya dawo nan, wurin 'yan uwansa Musulmi, zai cire kwat ya huta. Ashe nan ma an shirya masa jana'iza.

Alhaji ya ce, "Ba haka muke nufi ba, baba. Al'adarmu ce."

Dattijon ya ce, "Ni ban zo karɓar ta'aziyya ba. Haƙƙi na zo nema."

Direba ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Sarkin Ruwa, ɗauki shinkafarka, kasuwa ta watse." Haka yake kirana in yana son tsokana. Ban ɗauka ba. Muka fita ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muka shiga, sai dai kowa yana neman takalminsa da sauri.

Da na dawo daga sito washegari na tarar da kayan a falo. Shinkafa a ƙasa, taliya a kai, shadda da atamfa a sama, an jera su tsaf. Alhaji ya zo ya gani. Fuskarsa ta canja.

"A garinmu ko maƙiyinka ba ya mayar maka da kayan jaje."

Direba ya ce, "Ai ba a garinku yake ba, Alhaji. Kai ma ba a garinku kake ba."

"Rufe mini baki, ɗan rairayi."

Daga ranar Alhaji ya daina shiga fulat ɗin in dattijon yana nan. In sun haɗu a lifta, sallama kawai. Dattijon kuma ya daina cin abincina. In ajiye masa a ƙofa, in dawo in tarar da shi yadda na bar shi. Burodi yake saye a shagon ƙasa, ya haɗa da shayi.

Kayan suka yi kwanaki a falo, ba wanda ya taɓa. Kullum in share gefensu. Ina sharar nan na tuna wata shinkafar. Muna sansanin gudun hijira a Maiduguri, manyan mutane suka zo da fararen motoci. Suka ce mana sai haƙuri. Aka jera buhuna, aka tsayar da mu a bayansu, aka ɗauki hoto. Mun karɓa, yunwa muke ji. Amma a ranar na gane ba mai shirin mayar da mu gida. Da suna da niyya, da zancen hanya da tsaro za su yi. Shinkafa suka kawo saboda sun gama da garinmu a ransu.

Ban je na faɗa wa Alhaji wannan ba. Shi alheri ya nufa. Ban je na ba dattijon haƙuri ba, kalmar ce ma ta jawo rigimar. Ranar da ba aiki a sito na hau mota na je kasuwar kifi, na sayo babba guda, mai jan baya, ban san sunansa ba. Na dawo na shimfiɗa shi a kicin, na bar ƙofa a buɗe.

Ƙarni ya fito da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda nake yanka. Can sai ya yi tsaki. Ya ce kifin ruwan daɗi na saba da shi, wannan ba haka ake masa ba, zan ɓata naman. Ya naɗe hannun riga ya karɓi wuƙar. Ya bi ƙashin baya sau ɗaya, nama ya rabu kamar an buɗe littafi. Na ce ba laifi. Ya ce ba laifi kawai? Na ce a tafki yara ne ke wannan. Ya yi dariya, karo na farko da na ji.

Muka gasa, muka zauna a ƙasan kicin muka ci da yaji. Yajin ya sa shi hawaye, bai daina ci ba.

Ya ce, "Ina tekunku?"

Na ce ba teku ba ce, tafki ne, amma in kana tsakiyarsa ba ka ganin gaɓa. Na ce naku ruwan zuwa yake yi, namu tafiya ya yi.

Ya ce in ba shi labari. Ba na son ba da labarin nan. Na ba shi a gajarce.

Ina yaro ruwa yana bayan gidanmu. Na girma ya ja baya, sai mun yi tafiya kafin mu kai jirgi. Da tafiyar ta yi yawa muka tuge rumfuna muka bi shi. Ya sake ja, muka sake bi. Inda muke jefa taru ya zama gonar wake. Makiyaya suka zo da shanu, manoma suka zo da fartanya, kowa yana cewa wurin nasa ne. Kifi ya ragu. Samari suka zauna ba aiki. Daga baya masu bindiga suka zo, suka tarar da samarin a zaune. Sauran ka sani ko ba a faɗa maka ba. Muka gudu da abin da ke jikinmu.

Ya ce, "Gwamnati ta ba ku wuri?"

"An ce za a ba mu."

"Wuri ɗaya, ku duka?"

"Haka aka ce."

"Sai me ya faru?"

Na ce, "Ga ni a Dubai ina wanke banɗaki."

Bai yi dariya ba. Ya ce sauran fa?

Na lissafa masa. Wana yana gadi a Legas. Ƙanwata tana Diffa, mijinta ya rasu. Ƙanina ya bi hanyar Libiya, tun ranar ba labari. Limaminmu yana sayar da ruwa a baro a Kano, na gan shi da idona, ya kau da kai, ni ma na kau da nawa. Mahaifiyata a sansani ta rasu. Waɗanda suka yi mata salla ba su san sunanta ba. Mai garinmu yana raye, amma ba wanda ke kai masa ƙara, don ba mutum biyu na garinmu da ke zaune kusa da juna har su yi faɗa.

Ya ture ƙayar kifin gefe. Ya ce a babban tsibiri an nuna musu gidajen da za a ba su. Benaye ne, iyali nan, iyali can, cikin mutanen wasu garuruwa. Ba wurin ɗaure jirgi. An ce samari za su sami aiki a otel.

Na ce, "Za su samu."

Ya gane abin da nake nufi.

Daga ranar ya koma cin abincina. Shinkafar nan kuma Katsinawa suka ce tunda ba mai so a dafa, aka dafa. Atamfar direba ya ce zai kai wa matarsa, Alhaji ya ce ko akuya gara ya ɗaura wa.

Taron bai ƙare ranar da aka ce zai ƙare ba, aka ƙara lokaci. Dattijon ya daina zuwa, an gama da rumfunan. Yana zaune a falo, waya a gabansa, yana jira. Ranar da aka rufe, da la'asar, matar nan ta zo. Takalmanta a hannu ta shigo. Ba ta hau kujera ba, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Na kawo mata ruwa ta shanye, na ƙaro.

Da yarensu ta fara. Sai ta ga ina tsaye, ta juya da Turanci don in ji. Ta ce an yarda a buɗe asusu don ƙasashen da abin ya shafa, wannan ci gaba ne, sun daɗe suna neman ko wannan. Amma abin da aka zuba a ciki kaɗan ne, masu miƙa hannu kuma da yawa. Sai an cika takardu, an turo masu dubawa, an zauna an tantance. Ta ce maganar rage hayaƙin ma an yi ta da laushi, yadda kowa zai koma gida ya ce ya ci nasara. Su suna wani ɗaki suna shawara aka rufe zancen, suka shigo ana tafi.

Dattijon ya yi mata tambaya ɗaya. Ban ji yaren ba, amma na san tambayar, zancen katanga ne. Ta girgiza kai. Ta ce ba bana ba, ba baɗi ba. Bayan nan Allah ne masani.

Ya ce to. Ya tashi ya yi alwala.

Washegari da hantsi ina shirin fita ya ce zai bi ni sito, ya gaji da zaman ɗaki. Jirginsa sai jibi. Muka tafi da direba. A sito ya sami kujera ya zauna yana kallonmu muna aiki. Can na duba ban gan shi ba. Na same shi a baya, inda muke zubar da manyan buhunan da aka kwance kaya daga cikinsu, irin masu kunnuwa da ake ɗagawa da inji. Sun taru sun yi tudu, motar shara ake jira. Ya ɗauki ɗaya yana jan ɗinkin da ƙarfi, yana duba gindin.

Ya ce na waye? Na ce na Alhaji ne, shara ce. Ya ce a garinsu irin wannan sai an yi odarsa daga birni, kuma da tsada. In aka cika su da yashi da dutse aka jera a bakin gaɓa, suna rage ƙarfin igiyar ruwa.

Alhaji yana ofis. Dattijon ya je da kansa, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya faɗi abin da yake so. Alhaji ya dube shi, ya dube ni. Ya ce da Hausa, "Mutumin nan dai sai a hankali." Sai ya ce wa dattijon da Turanci ya kwashe duka in zai iya. Har ya ɗaga waya ya kira maƙwabcinmu na sito ya ce in yana da irinsu ya aiko. Ya ce abin da jirgin sama ba zai ɗauka ba shi zai nemi hanyar da za a tura ta ruwa. Direba ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji ya nuna shi da yatsa, ya rufe.

Muka zauna ni da dattijon muna zaɓe. Mai huda gefe, mai lafiya gefe. Na san buhunan nan, shekaru ina fama da su. Na ce masa gaskiya. Rana tana cin su. In suka sha rana sai ka ga sun yi fari, ka taɓa su, su ruɓe kamar toka. Ga gishiri kuma.

Ya ce za su kai yaushe?

Na ce shekara ɗaya. In an rufe su da ƙasa wataƙila su ɗan wuce.

Ya ce ya isa. Kafin nan an sake wani taron, matar nan za ta sake zuwa.

Na tsaya da aikin. Na ce, "Me za ka ce wa mutanenka?"

Ya ce, "Zama."

"Saboda abin da na faɗa maka a kicin?"

Bai musa ba.

Raina ya ɓaci. Na ce kada ya rataya mini wannan a wuya. Mutanena sun watse, amma da yawansu suna numfashi. Ruwa ba ya jin magana, ni na sani shi ma ya sani. In teku ta taso da ƙarfi yara suna barci, buhu ba zai hana ta ba. Na ce ni labarin garinmu na ba shi, ba na garinsu ba.

Ya ce shi ya tambaya, ni na amsa. Abin da ya biyo baya nasa ne, shi ne mai gari. Ya ce duk kwanakin da ya yi a wurin taron ba wanda ya faɗa masa yadda ƙaura take bayan an gama ta. Ya miƙo mini wani buhun ya ce in duba wannan, kamar akwai huda a kunnen.

Akwai. Na jefa shi gefe.

Ni na ɗaure masa su. Na ninke, na hau na tattake, na ja igiya har ta shiga hannuna, na naɗe da leda don kada ruwa ya taɓa su a hanya. Ƙunshi biyu na jirgin sama, sauran aka ajiye a kusurwa ana jiran jirgin ruwa. Ranar tafiyarsa na sauko masa da su har mota. Ya riƙe hannuna ya ce wani abu da yarensu. Na ce Allah ya tsare. Direba ya ce yalla, a tafi, hanya ta fara cika.

Na hau sama na cire zanin gado, na mayar da katifu, wasu 'yan kasuwa suna tafe da yamma.

Sauran buhunan sun tafi bayan wata biyu ko uku, ni na loda su. Ba wanda ya kira ya ce sun isa. Ban san ko sun riƙe ba, ban san ko garin yana nan ba. Abin da na sani, wani dattijo ya tambaye ni na faɗa masa gaskiya, ya koma ya ce wa mutanensa su ci gaba da kwana a bakin teku.